Babbar Riga a Rumfar Zarto

Shekarar da na gama kwaleji na dawo Sakkwato, an ba ni aikin tafinta a wata ma'aikatar katako da ke bayan ganuwa, ba nisa da Ƙofar Kware inda gidanmu yake. Ina jin tafinta ne sunan aikin, ko da yake wasu suna ce mini akawu, wasu malam, ni kuwa duk wanda aka kira ni da shi amsawa nake yi. Lokacin Turawa ba su daɗe ƙwarai da kama ƙasa ba, dattawan da suka ga shigowarsu da idonsu suna nan cike da gari. Aikina shi ne in bi Baturen da ke kula da wurin duk inda ya sa ƙafa. Abin da ya faɗa in mayar da shi Hausa, abin da aka faɗa masa in mayar da shi Turanci. Bencuna ake yi a wurin, da tebura, da ƙofofi da tagogi.

Shugaban kafintocin wurin surukina ne, mahaifin matata. Asalinsa masassaƙi ne. Shi ke sassaƙa allunan da ake karatu da su a zauren mahaifina tun ina ƙarami, ta nan abota ta ƙullu tsakaninsu, har ta kai ga ya ba ni 'yarsa. An ɗauke shi aiki a ma'aikatar kafin in dawo, domin kafintoci suna jin maganarsa. Dattijo ne siriri, marar yawan magana, kullum cikin babbar riga da hula. Tun da aka ɗaura auren ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin ko goro a gabansa ba, shi ma haka. Da farko zamanmu wuri guda bai dame ni ba. Da safe in je in cire takalmi in durƙusa in gaishe shi, ya amsa fuskarsa na kallon wani gefe, in tashi in koma ofis. Yana can ƙarshen rumfa da gizagonsa, ina nan bayan Bature. Sai kuma gobe.

Sai aka kawo inji.

A wargaje ya zo, cikin manyan akwatuna, daga inda jirgin ƙasa ya tsaya. An daɗe ana haɗa shi. Inji ne mai shan baƙin mai, da babbar ƙafa ta ƙarfe wadda tsawonta ya kai ƙirjin mutum. Daga jikinsa wani dogon bel na fata, mai faɗin tafin hannu, ya miƙe ya ratsa tsakiyar rumfa, ya je ya juya wani zarto mai kewaye kamar faifai, wanda rabinsa ya leƙo daga cikin teburin ƙarfe. Ba abin da ya rufe bel ɗin. In ana aiki mutum yana tsaye ne da zarto a gabansa, bel yana gudu ta gefen damarsa. Tada injin kansa aiki ne. Sai an gasa kan injin da wuta, sannan ƙarti su haɗu su juya ƙafar har ya kama. Shi ya sa in ya tashi da safe ba a son kashe shi sai azahar. Wanda aka ɗora wa kula da shi taubashina ne, ɗan kawuna, wanda ke takowa daga Dundaye kowace safiya. Ya girme ni, kuma tun muna yara bai taɓa barina na huta ba.

Ranar da za a fara aiki da injin, Bature ya tara kowa. Bai fara da magana ba. Ya sa aka kawo tsohon buhu, ya rataya shi a bakin doguwar sanda, ya matsa ya ɗan taɓa bel da shi. Ban ga lokacin da buhun ya bar sandar ba. Na dai ji wani kas, sai ga shi ya naɗe a jikin ƙafar injin, yana zagayawa yana yayyagewa, tsumma na tashi sama. Sannan Bature ya juyo wurina ya ce in faɗa musu: ba mai kusantar bel ko zarto da babbar riga, ko rawani, ko wani abu mai lilo. Taguwa mai gajeren hannu da gajeren wando. Wanda ya ƙi, ba shi ba aiki a wurin.

Na faɗi duk abin da ya ce, ban rage komai ba, in ban manta ba har na maimaita. Sai dai fuskata tana wajen samari, idona a ƙasa. Surukina yana tsaye can gefe. Ban san ko maganar da aka yi wa samari ta shafi dattijo ba a wurinsa, kuma ba ni da hanyar tambaya.

Bayan 'yan kwanaki muka shiga rumfar ni da Bature. Samari duka suna cikin taguwa, wasu ma ba riga. A bakin zarto kuwa, inda ake tura gungume, surukina ne tsaye, domin shi ke duba layin da za a bi. Yana cikin babbar rigarsa. Ya naɗe hannuwanta a kafaɗa yadda ake yi, amma kowa ya san hannun babbar riga ba ya zama inda aka ajiye shi. Ina kallo na dama ya zame ya sauko, ya sa hannu ya mayar. Tsakaninsa da bel bai kai taki guda ba.

Bature ya ce in faɗa masa ya tuɓe.

Na cire takalmi na durƙusa cikin garin katako. Ƙarar inji ta cika wurin, dole in ɗaga murya, abin da ban taɓa yi a gabansa ba.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau, Malam. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Baba, Bature na maganar riga."

Ya juya fuskarsa wajen bango. "Na jiya, Malam. Allah shi yi albarka."

Bature ya tambaye ni me ya ce. Na ce ya ce ya ji. Muka fita. Ina tafe ina tambayar kaina ko na isar da saƙon. Kalmar tuɓewa ba ta fito daga bakina ba, wannan na sani. Amma ya ce ya ji, kuma ba zai ce ya ji abin da bai ji ba. To in ya ji, me ya ji?

Da yamma matata ta kawo mini fura na ajiye ban taɓa ba.

"Malam, mi ad dame ka? Ko nonon ya yi tsami?"

Na faɗa mata maganar buhu, da bel, da rigar mahaifinta. Na ce ina tsoron abu biyu, kuma ban san wanda ya fi ba: inji ya kama shi, ko Bature ya sallame shi, kuma da bakina za a sallame shi, a gaban yaran da ke ƙarƙashinsa.

Ta yi 'yar dariya. "Kai da anka kai karatu har wata ƙasa, ba a koya muku yadda aka yi ma suruki magana ba?"

"An koya muna lissahi da Turanci."

"To ka sa a ɗunka mishi taguwa. Ni kai ma Inna, Inna ta ba shi. Ta san yadda taka hwaɗa mishi magana."

"In ya ɗauka raini na fa?"

"Kyauta ta. Wa ad ɗauki kyauta raini?"

Haka aka yi. Na sa aka ɗinka taguwa ta kaki, mai kauri, na ce wa tela ya yi wuyan a rufe, hannun ya kai gwiwar hannu, don kada ta yi kama da ta leburori. Ta bi hanyar da aka tsara. Amsa ta dawo ta hanyar da ta tafi: ya gode, Allah ya yi albarka. Na ɗan ji sanyi.

Da muka koma shiga rumfar, yana bakin zarto cikin babbar rigarsa. Da na durƙusa gaisuwa na saci kallon wuyansa, sai na ga bakin kaki ya leƙo daga ƙarƙashin rigar. Ya sa taguwar, amma daga ciki. Ga zafin bazara, ga rufin kwano, ga hucin inji, ga dattijo da riga bisa riga saboda ni. Na rasa ko in ji daɗi ya girmama kyautata, ko in zauna a wurin in dafe kai.

Daga nan na shiga zirga-zirga. Ban iya zama a ofis. Ina rubutu sai in ji ƙarar zarto ta sauya, in tashi in ratsa fili in leƙa. Ba abin da nake iya yi in na je. In gaishe shi, in tsaya ina kallon hannun rigar, in koma. Na gaya wa kaina cewa in ina wurin, wataƙila zan ga abin kafin ya faru, in yi wa taubashina alama ya kashe inji. Duk zuwan da na yi, rigar tana jikinsa.

Taubashina ya fara tsokanata. Wata rana ya tare ni a bakin rumfa, hannuwansa duk baƙin mai.

"Bawana, yau ma? Kujerar ohis ɗin ƙaya ag gare ta?"

"Aiki nika dubawa."

"Wane aiki ka sani nan? Kai ko ƙusa ba ka iya bugawa ba ka bugi yatsa. Ka dai rage zowa cikin rumfag ga. Kana wahal da tsoho."

"Gaisuwa ta ka wahal da shi?"

"Ni dai na hwaɗi. Koma ga alƙalaminka, ɗan boko, kar ka ɓata muna hwarar riga."

Na ɗauka wasan da muka saba ne. Na mayar masa da wata baƙar magana game da mutanen Dundaye da jakunansu, na wuce.

Haƙurin Bature ya ƙare. Ba mugun mutum ba ne, ina jin, kuma yana ganin girman dattijon. Amma ya ce mini a ƙasarsu ya taɓa ganin abin da bel ya yi wa mutum, kuma ba zai sake gani ba. Ya ce in ya ƙara shiga ya tarar da babbar riga a bakin zarto, ranar dattijon zai tafi gida. Ya ce in faɗa masa haka, a fili. Na ce to. Na yi ta juya maganar a raina, ta ina zan fara, da wace kalma. Na yi tunanin in sake bi ta wurin matata, sai na tuna abin da taguwa ta haifar. Na yi tunanin in roƙi mahaifina ya yi masa magana, sai na ga kamar na kai ƙarar suruki wurin uba. Ban yanke komai ba har ranar da abin ya faru.

Da hantsi ne. An kawo gumagumai na maɗaci an jibge su a gaban rumfar, sun toshe ƙofar da muka saba bi. Bature ya aike ni in kira masa taubashina. Maimakon in hau kan itace da farar riga, sai na zagaya ta baya, inda akwai wata 'yar ƙofa da ake fitar da garin katako. Na yi sallama, amma ko ni ban ji muryata ba.

A bakin zarto na ga bayan wani mutum cikin taguwar kaki da wando iya gwiwa. Siriri, kafaɗunsa sun fito, ƙafafunsa kamar sanduna, kansa ba hula, furfura fes. Ban gane shi ba. Har na ji daɗi a raina, na ce yau an sa wani a wurin. Yana tura katako a natse, ba abin da ke lilo a jikinsa. Sai ya gama tsagin, ya juyo don ya ɗauki wani, muka haɗa ido.

Ban taɓa ganin fuskarsa sosai ba sai ranar. Ina jin shi ma haka.

Babbar rigar tana rataye a wata ƙusa a jikin ginshiƙi, kusa da shi. Ya miƙa hannu ya fizgo ta, ya jefa ta bisa kansa nan inda yake tsaye. Kansa yana cikin rigar, ba ya ganin komai, lokacin da hannunta na dama ya buɗe ya faɗa kan bel.

Abin da ya biyo baya ban iya jera shi daidai. Na san an ja shi gefe guda kamar an fizgi akuya da igiya. Na san na ji ƙarar yagewar tufa, da wata ƙara wadda daga baya na gane ta ƙashi ce. Rigar tsohuwa ce, ta sha wanki, ita ta yage daga wuya har ƙasa ta tafi da bel, ta bar shi a ƙasa. Da sabuwa ce ban san abin da zan rubuta a nan ba. Taubashina ya kashe inji, amma ƙafar ta daɗe tana juyawa da tsumman rigar kafin ta tsaya.

Samari suka ruga kansa. Ni kuwa ina tsaye. Na ɗaga ƙafa zan je, sai na ga yana kwance cikin garin katako ba hula, ƙaurinsa a waje, yana ƙoƙarin janyo wani guntun buhu da hannun hagu ya rufe jikinsa. Hannun damansa ya lanƙwashe inda ba gaɓa. In na matsa, zai ƙara motsawa don ya ɓuya. In ban matsa ba, ga mahaifin matata a ƙasa ina kallo. Na juya masa baya. Na tuɓe rigata, na miƙa ta ta baya ba tare da na waiwaya ba, wani ya karɓa. Sai da aka lulluɓe shi sannan na ji ya yi nishi, ya fara salati a hankali.

Bature ya zo da gudu. Ya so a kai shi wurin likita. Dattijon ya ce a kai shi gida a kira maɗori. Ni ne a tsakiya, ina fassara wa wannan ina fassara wa wancan, bayana a juye ga ɗaya daga cikinsu, daga ni sai 'yar shara. A ƙarshe aka bi abin da mai hannu ya ce. Aka ɗora shi a kan wata ƙofa da ba a gama ba, aka ɗauka.

Muna biye da su daga nesa, ni da taubashina, muka shiga gari. Sai da muka yi nisa ya juyo ya dube ni.

"Wai kai ba ka san shina tuɓewa ba?" ya ce.

"Tuɓe mi?"

"Riga mana. Tun ran da Bature yay yi wasan buhu. Da sahe in ka gaisa ka hita, shi rataye ta. In an hango ka tahe, ko kai ɗai ko da Bature, a taɓa shi, shi koma bayan katako shi sanya, shi dawo. Yau ba wanda yag gane ka, ta baya kab biyo."

"Kullum?"

"Kullum. Wata rana har mu gaji da ƙirga sanyawa da tuɓewa."

"Mi ah hana ku hwaɗa mani?"

"Wa za shi tare ka shi ce surukinka na aiki ba riga? Ni da nika zaginka kullum ma ban iyawa. Ai na ce maka ka rage zowa."

"Na ɗauka wasa kaka yi."

"Wasa nika yi. Amma gaskiya ta." Ya goge hannunsa a wando. "Mu duka mun ɗauka ka sani. Mun ce ɗan boko na, wataƙila haka anka koya musu, su riƙa zagayawa."

Ina ta lissafa zuwan da na yi don in tsare shi, kowane zuwa kuwa shi ne lokacin da yake tsayawa kusa da bel da babbar riga. Har yau in na tuna sai kaina ya ɗaure. Ban ga inda na saɓa abin da aka koya mini a makaranta ba. Shi ma ban ga inda ya saɓa abin da aka koya mana a gida ba.

Washegari Bature ya kira ni. Ya riga ya yanke shawara. Ya ce ya yi gargaɗi, an ƙi ji, ga abin da ya faru. In dattijon ya warke, ba zai dawo ba. Ya ce in je in faɗa masa cikin ladabi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana, ko da yake ban tabbata zan iya faɗinta yadda za a gane ba."

Ya ce in faɗa. Na fara. Na ce mutumin mahaifin matata ne. Ya ce ya sani. Na ce a wurinmu akwai kunya tsakanin mutum da mijin 'yarsa, ba ya yarda ya gan shi ba cikin sutura ba. Na faɗa masa abin da taubashina ya gaya mini. Ya ajiye alƙalaminsa.

"Wato in ba ka nan, yana bin doka."

"Haka aka ce mini."

"In kana nan, ba ya bi."

"Ina jin haka ne."

"Ni kuma ban taɓa shiga rumfar ba sai da kai."

"I, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallona. "Kai ka hana shi tuɓewa?"

"A'a."

"To je ka ce masa ka yafe, ba komai, ya yi aikinsa a gabanka."

"Ba abu ne da nake da ikon yafewa ba. Kuma in na faɗa, na yi maganar da bai kamata ta fito daga bakina ba."

"To wa ya sa dokar?"

"Ba kowa."

Ya shafa goshinsa. "Wa ya kamata in kora, ke nan?"

Ban san ko wasa yake yi ba. Turawa sukan yi wasa fuskarsu ba ta nuna ba, kuma ban taɓa ƙwarewa wajen ganewa ba. Na ce, "Wataƙila ni." Da gaske na faɗa. Na ga ni matashi ne, da takardata, zan iya samun wani wuri. Shi kuwa in aka sallame shi da karyayyen hannu, kuma gari ya ji cewa surukinsa ne ya kai masa saƙon, ban san yadda zan ƙara shiga gidansu ba, ko yadda zan dubi 'yarsa.

Na ce ko a riƙa kashe inji duk lokacin da zan shiga. Ya ce in tuna yadda ake tada shi. Sai ya tashi ya tsaya a taga yana kallon filin da ke tsakanin ofis da rumfa. Can ya ce daga yau iyakata bakin ofis muddin inji yana aiki. Shi zai riƙa shiga shi kaɗai da 'yar Hausar da yake da ita. In magana ta yi tsawo, a fito waje a same ni. In dattijon ya warke ya dawo, zai gani da idonsa, sannan ya yanke.

Na yi ƙarfin hali na ƙara da cewa, tun da kafintoci ne cike da wurin, ko za a yi wa bel ɗin shinge na katako. Ya juyo ya dube ni, sannan ya ce a yi. Kafin mako ya zagayo an yi. Ban san abin da ya sa ba wanda ya yi tunanin haka tun farko ba, har da ni, har da shi.

Na je gaishe da surukina yana jinya. An yi ɗori, an ɗaure hannun da karare. Yana kwance a zaure an lulluɓe shi har wuya, fuskarsa na kallon bango. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, Malam. An gode Allah."

"Allah shi ƙara sauƙi."

"Amin. Rigakka na wurin ɗiyag ga, an wanke."

"Na gode, Baba."

Iyakar abin da muka taɓa cewa game da ranar ke nan, har ya bar duniya.

Da damina ta yi nisa ya dawo aiki. Hannun ya ɗoru, sai dai ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Da safe na je na gaishe shi kafin a tada inji, yana cikin babbar riga, wata sabuwa. Na koma ofis. Na ji an tada inji, na ji zarto ya kama itace. Bature ya ɗauki hularsa ya ratsa fili shi kaɗai. Ina zaune na riƙe alƙalami ban rubuta komai ba. Ya ɗan jima, sannan ya dawo ya rataye hular.

"Yana cikin gajerar riga," ya ce. "Zai ci gaba da aikinsa."

Na ce na gode. Na ji kamar an sauke mini kaya, kuma a lokaci guda na ji da ma bai faɗa mini kalmar farko ba, ta biyun ta ishe ni.

Surukina ya ci gaba da aiki a wurin har tsufa ya sa ya ajiye da kansa, da hannuwansa biyu da yatsunsa cif. Ni kuwa ban ƙara shiga rumfar inji yana gudu ba muddin yana ciki. Bayan wasu shekaru aka sauya Baturen, aka kawo wani, matashi, mai son ya san komai a ranar farko. Ya tambaye ni ko kowa yana bin dokar sutura a bakin zarto.

Na ce, "An ce mini suna bi."

"Ba abin da aka ce maka na tambaya ba. Kai ka gani?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe."

"To tashi mu je mu gani."

Na ce masa in muka je tare, ba abin da yake nema zai gani ba, kuma zai fi kyau ya je shi kaɗai. Ya tambaye ni dalili. Na roƙe shi ya zauna tukuna, domin maganar tana da ɗan tsawo.